Rabon Hayaƙi

A Maiurno, da can sai na hau lori zuwa Sinnar
in karɓo kuɗin riɗina.
Lori na tari, ni ma ina tari,
in dawo da magariba, riga na warin gas.

Yanzu waya ke yin tafiyar.
Ta motsa sau ɗaya cikin aljihu,
kuɗi sun iso kafin shayi ya huce.

Na ce wa 'yata Tahani:
to, na daina ɓata iskar Allah.
Ta yi dariya, ta nuna min bayan kasuwa
inda injin eriya ke gurnani,
yana shan mai ba dare ba rana.
Ta ce can ƙetare akwai ɗakuna
cike da na'urori masu zazzaɓi,
ana musu fifita da wutar da za ta ishi gari.

Wai masana kan tara hayaƙin ƙasa,
su raba bisa kowane kai,
har jaririn da aka raɗa wa suna jiya.

Ban san nauyin rabona ba.
Na dai kashe wayar daren nan,
na kwanta ina jin injin
yana ci da sunana.