Inda Ba Ta Motsi

Babana naɗin waya ya iya.
Shekara talatin a rumfarsa ta Katako
yana ƙirga zagayen jan ƙarfe da leɓɓansa,
ɗari biyu wannan gefe, sha takwas wancan.
Ka yi masa magana ya ɓata ƙirga, ka sha harara.
Taransfomarsa sai da hannu biyu ake ɗauka,
tana gurnani, tana ƙaurin kwalta.

Tawa ba ta kai ɗan yatsa tsawo ba.
Fallen tangaran ce, siririya,
ba naɗi, ba nauyi.
A ba ta wuta ta wannan kai, sai ta kama ɓari,
ɓarin ya ratsa jikinta,
ya fita ta wancan kai ya koma wuta.
Da na yi masa bayani, ya ce:
"To, Ramatu, zazzaɓi kika ƙetare kogi kika koyo?"

Dare nake aiki, can Harobanda,
in kuran bai yi mana rowa ba.
Ina murɗa maɓalli a hankali
ina neman muryar da take so:
sau dubu tamanin a daƙiƙa guda,
kukan da kunnena bai isa ya ji ba.
Koren layi ya miƙe a gilashi, na rubuta lamba.
Washegari da azahar, zafin Afrilu ya shigo ta taga,
lambar ta gusa,
kamar ba ita ce ta amsa mini jiya ba.

Uku sun tsage.
Suna nan cikin gwangwanin tumatir, na kasa zubarwa.
Kowace kuɗin cefanen mako biyu.

Littafi ya faɗa, ban ji ba,
sai da na ga ɗan ga-ruwa a kan hanyar gida:
garwa gaba, garwa baya, sanda tana lilo,
amma inda ta sauka a kafaɗarsa
shiru.
Ashe matse su nake yi inda suke son rawa.
Ta huɗu na auna ta da kyau,
na sami ɗigo biyu inda ba ta motsi,
na ɗora ta a nan, na sakar mata sauran jikinta.

Ran Jumma'a na kai masa.
Na haɗa ta da ƴar fitila, fitila ta kama.
Ya ɗauka da yatsu biyu,
yatsun nan da gubar walda ta ƙone,
ya kara a kunne. Ya daɗe.

"Zagaye nawa?"
Na ce babu ko ɗaya, Baba.

Bai ce komi ba.
Ya ture guduma da filaya, ya share mata wuri a tebur.
Amma na ga leɓɓansa suna motsi.