Ashanar da Ba Ta Kama Ba

A kotun Kumo, ranar Talata,
ni ke riƙe da biro.
Aka shigo da Giɗaɗo,
rigarsa na warin fetur har yanzu.

"Ranka ya daɗe, a je a duba.
Rumbun Manu na nan tsaye,
ko ƙwayar wake ba ta ƙone ba.
Yaya za a ɗaure ni
kan wutar da ba ta tashi ba?"

Alƙali ya jijjiga galan.
Rabi ya rage,
sauran na jikin jinka.
Ga kwalin ashana, tsinke uku an ƙyasta,
duka raɓar asuba ta kashe.

"Sayen fetur, kowa na saye.
Ka kwana kana tsine wa Manu a zuci,
ba ni da mudun auna zuci.
Amma ka tsallake danga,
ka zuba, ka ƙyasta.
Nan hannunka ya gama nasa.
Raɓa ce ta hana,
kuma ba kai ka aiko ta ba."

Na rubuta: yunƙurin aikata laifi.
Tawada ta ɗan taru a kan kalmar.

Manu na bencin baya, bai yi murna ba.
Ƙanwarsa ce matar Giɗaɗo,
ga yara huɗu.
Ya fita yana lissafi da yatsu,
buhu nawa zai kai mata bana
daga rumbun da bai ƙone ba.