Gyara

Ranar da bene ya rufta a Ebute-Meta
na karanta wa duniya: mutum goma sha ɗaya.
Ban ko kurɓi ruwa ba, waya ta yi ƙara daga ma'aikata:
"Uku ne. Wa ke biyan kuɗin wutar gidan nan?"

Na hau danfo da yunwata,
gada ta cushe, ruwa na dukan rufin mota,
har ɗakin ajiye gawa.
Baba Oyewole ya buɗe littafinsa,
ya lashi yatsa, muka bi layi-layi.
Tara.

Ashe sau biyu na ƙirga Ɗantani mai gyaran takalmi,
da sunan yanka, da laƙabi.
Ɗaya kuma yana asibiti, yana ta neman shayi.

Ƙarfe bakwai jar fitila ta kama.
Takardarsu na gabana, hatimi bai bushe ba.
Na ce: "Jama'a, jiya na yi kuskure,
ni Ladidi Bawa, ba wani ba.
Tara ne."
Sai na shiga jero sunaye
a hankali, kamar uwa na kiran yara cin tuwo,
ina kallon injiniya Sambo ta gilashi,
yatsansa a kan makunni.
Bai danna ba tukuna.