Ƙugiya Ta Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Ni ce mai ajiyar rigunan sanyi
a wani kulob ƙarƙashin tsohuwar masaƙa a Leipzig.
Shekara tara ina rataye kafaɗun mutane,
in miƙa musu lamba,
su nutse cikin kiɗan da ke kaɗa haƙora.

Ta idanu nake sanin lokaci.
Ƙarfe ɗaya, idanu irin na kowa.
Ƙarfe uku, baƙin ido ya buɗe kamar bakin rijiya,
muƙamuƙi na tauna abin da babu,
kowa masoyin kowa ne.
Ni ma sai a rungume ni a ce an daɗe ana nemana.

Torben ya zo wata Asabar ta Fabrairu,
kwat kore, aljihu ɗaya a yage.
Ya ce, "Wiebke, riƙe ta da kyau, ta kakana ce."
Ɗalibi ne, ashirin da biyu,
dariyarsa kan riga shi shiga ɗaki.

Ƙwayar shuɗiya ce, ƙarama kamar maɓalli.
Wanda ya sayar masa bai san cikinta ba,
wanda ya sayar wa wancan ma haka.
Ya jira minti arba'in, shiru,
ya ce ta yi sanyi, ya ƙara wata.
A hanya suka haɗu, su biyun.

Awa huɗu yana rawa, jikin na kira, ba mai amsawa.
Tukunya a wuta, murfi a rufe.
Da suka fito da shi ta gabana
fatarsa ta fi bututun ɗumama ɗaki zafi,
ƙafafu na bugun ƙasa da wani kiɗa
da ba daga lasifika ya fito ba.
Ma'aikaciyar motar asibiti ta duba ma'auni,
ta ce arba'in da biyu,
ba ta ƙara cewa komai ba.

A ciki ba a tsayar da kiɗa ba.
Ilka ta wuce ni zuwa banɗaki, karo na sha nawa,
farin garin da take shaƙa ya cinye mata mafitsara,
tana fitsarin jini tana da shekara ashirin da biyar.
Mirko na barci a matakala, baki buɗe,
ɗigo ɗaya ya wuce ƙima, ga giya a kai,
na juya shi ta gefe kar ya shaƙe da amansa.
Ranar Talata duk za su tashi da zuciya kamar ɗakin da aka kwashe kaya.

Gari ya waye, ƙugiyoyi sun yi fayau.
Saura kore.

Mako uku tana rataye.
Sai ga wata yarinya mai irin hancinsa,
ba ta da lamba.
Dokarmu: ba lamba, ba riga.
Na sauko mata da ita.
Ta ce yana da rai.
Ƙodojinsa ne suka tafi;
yanzu na'ura ke wanke masa jini, Litinin, Laraba, Juma'a.
Ta laluba aljihun da bai yage ba:
tikitin taragu, ɓawon lemo ya bushe,
da makullin keke.

Asabar ta sake zagayowa,
layi har kwanar titi, ƙanƙara a gashin kowa.
Na bayar da ɗari biyu da sha uku.
Na bayar da ɗari biyu da sha biyar.
Ba wanda ya lura.