Barci Ɓarawo Ne

A Tartu, hawa na uku, ɗaki mai taga ɗaya,
dusar ƙanƙara tana lasar gilashi,
Manjo Rebane ya kunna mana yaƙi
kamar mai kunna risho.

Ni aka ba bataliya, mutum ɗari shida,
ɗigo-ɗigo shuɗɗa a fuskar kwamfuta.
Ba a ba ni bindiga ba.
Manyan motoci talatin da biyu aka damƙa mini,
da gada ɗaya mai ciwon baya.

Na lissafa dizal har lita ta ƙarshe.
Na lissafa harsashi, burodi, bandeji,
har safar ulu sai da na ƙirga,
don kakata ta ce sanyi ta ƙafa yake shiga.
Kertu a gefena tana cizon biro,
ni kuwa ina ji da kaina.

Na tura ayari da faɗuwar rana. Ya kai.
Na juyo da shi, na sake lodi, na tura.
Ya kai. Na ƙara.
Awa arba'in ta wasa ta shige
cikin minti casa'in na agogon bango.

Sai mota ta tara ta saki hanya,
ba nakiya, ba harbi,
ta kwanta tayoyi sama,
ta goma ta afka mata,
bakin gada ya toshe.
Can gaba ɗigon nan suka fara dushewa:
shuɗi, toka-toka, babu.

Na ce, na'urar nan ta samu matsala.
Manjo bai ɗaga murya ba.
Ya kurɓi kofi da ya huce tuntuni,
ya ce, Laftanar Pihlak,
yaushe rabon direbobinki da barci?

Na duba jadawalina.
Ga layin mai, ga na taya, ga na gishiri.
Babu layin fatar ido.

An faɗa mana a aji, shafi na nawa ne ma,
har na ja layi ƙarƙashinsa da jan biro.
Amma jan layi daban,
kallon mutum ɗari da goma sha ɗaya suna shafewa
ta dalilina daban.

Ya danna maɓalli, duk suka tashi,
shuɗɗa, garau, ba mai riƙe da ni a zuci.
Ya ce, wannan rangwamen a ɗakin nan kaɗai yake.

Da dare a bas ɗin komawa gida
ban zauna can baya yadda na saba ba.
Na tsaya dab da direba,
wani dattijo mai furfura har a gira,
ina leƙen idonsa a madubi
har muka haye kogi.