Ƙauri a Kabad ɗin Tawul

Ƙaurin ne ya riga Baba yi mini maraba.
Ba na girki ba ne, ba na murhu ba,
wani wari kamar kifin da ya kwana,
daga kabad ɗin bene
inda tankin tagulla ke tsugune cikin jar rigarsa,
tawul a kansa, zannuwan gado a gefe.
A waje, ruwan Leitrim na zuba tun Talata.

"Shekara sha tara yana aiki, Nuala.
Da hannuna na ɗaura shi."
Na sani, Baba. Ni na riƙe maka tocila,
ina 'yar shekara takwas, hannuna na rawa.

Yau ni ce mai jakar aiki.
Na sauka ƙasa na kashe layin daga tushe,
na sa kwaɗo, makullin na aljihuna.
Na gwada ma'auni a inda na san da wuta,
na gwada a kan hita: shiru,
na sake komawa na gwada ma'aunin.
Ido ba ya ganin lantarki,
sai dai ya ga abin da ya bari.

Da na ɗaga murfin, ga shi:
siririyar wayar fitila
an ɗora mata kilowat uku, kayan raƙumi a wuyan akuya.
Robarta ta gasu, tana marmashewa kamar ƙanzo.
Kusa ɗaya ta saki, bakinta ya yi baƙi.
Wayar ƙasa, mai kore da rawaya,
an naɗe ta gefe, ba ta riƙe da komai.

Ya leƙo ta kafaɗata. Bai ce uffan ba.
Ɗakin jikarsa Orlaith
bango ɗaya ne tsakaninsa da nan.

Na jawo wa hitar layinta ita kaɗai,
ba soket, ba kishiyar tukunyar shayi.
Waya mai kauri, mai jure zafi,
makunni mai yanke hanya biyu lokaci guda,
sabon ma'aunin zafi da ke tsinkewa da kansa
in ruwa ya nemi wuce gona da iri.
Kore da rawaya na fara ɗaurewa,
na ja ta, na sake ja.
Wuta da ruwa ba sa ga maciji,
mu muka haɗa su kwana a tanki ɗaya,
dole mu tsaya tsakani.

Sai da tanki ya cika, famfo ya daina tari,
na gama awo, sannan na mayar da wuta.

Baba Malachy, wanda duk yarintata
ke kwala kira daga mota, "Kin kashe hita?"
ya ɗauki guntuwar wayar da ta ƙone,
ya jujjuya, ya sa a aljihun rigar sanyi.
"Shayi?" ya ce.
Na ce, bari na wanke hannu tukuna.
Ruwan ya fara ɗumi.