Taku Huɗu da Rabi

Na auna wurin da tef ɗin ɗinki,
abin da ya rage mini daga shagon Kejetiya.
Taku huɗu da rabi daga dokin ƙofa zuwa bakin kwata,
faɗin bai cika yadi biyu ba.
Ko rigar yaro ce, sai an yi dabara.

Zinatu ta ce a sa zogale, ko ba komai a ci kwaɗo.
Muniru ya ce mangwaro.
Shekararsa bakwai, bai san saiwa na fasa gini ba.
Ni na yi shiru.
Shekara arba'in ina yanka wa mutanen Asawase launi,
leshi, atamfa, shadda ruwan ƙwai,
su sa, su tafi biki,
a bar ni da ƙyallaye a ƙarƙashin keke.
Yanzu ina son launin da zai tsaya a ƙofata.

Bakin titi, bayan jami'a,
Anti Dufie ta jera dashe a baƙaƙen ledoji
kamar 'yan makaranta a layin safe.
Hausarta ta kasuwa ce, Twi ɗina na kan titi,
muka haɗu a tsakiya.

Ta fara da mai furen takarda.
Ja ne har yana ihu.
Na kai hannu, ƙaya ta gaishe ni.
Ta ce shekara biyu zai kama wayar lantarki.
Na tuna yaran layinmu da ba sa kallon gabansu,
na ce a'a.

Ga wani mai ganye barkatai,
kore, rawaya, ja,
kamar atamfar da ta zuba a wanki.
Ba ya jiran damina, in ji ta, kullum cikin ado yake.
Na ce wanda kullum yake cikin kwalliya,
ranar salla me zai sa?

Sai fari mai ƙwanduwa a tsakiya,
ƙamshinsa ya riga shi isowa.
Na kusa biya.
Ta ce su a maƙabarta suka fi dasa shi.
Na ce, Anti, kar ki yi mini gaggawa.

Na tambayi rumman, don sunansa na bakina tun ina allo.
Ta kaɗa kai:
ruwan Kumasi ya fi ƙarfinsa,
zai yi fure ya yaudare ka, 'ya'yan su fashe.

Can gefe, kusa da bokitin ban ruwa,
wani gajere, bai kai gwiwata ba.
Iksora, ta ce.
Na durƙusa.
Kowane kai dunƙule ne na ƙananan furanni,
kamar allurai masu jan kai
da na soke a matashin kan tebur.
Wannan fa, in ji ta, sai mai almakashi,
duk wata a rage masa kafaɗa,
in ba haka ba ya watse.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Sidi talatin. Ashirin. Ashirin da biyar, albarka.
Na rungumo shi a cinya cikin mota
kamar jinjiri ranar suna,
ƙasa na zuba a kan wandona.

Bayan la'asar na haƙa rami.
Akuyar Ɗanjimma ta tsaya tana karanta mu.
Na jawo ƙafafun tsohon keken ɗinki
na kafa masa shinge,
ƙarfen da ya ci ƙafata shekaru
yau ya samu aikin gadi.

Zinatu ta leƙo da ludayi a hannu.
Ana ci?
Na ce ba a ci.
Ta ce to, Allah ya ba mu lafiya.

Kwana tara bayan haka, da hantsi,
na fito da almakashi
na tarar da Muniru a tsugune.
Ya zare fure ɗaya, siririn zare ya biyo,
ɗigon zaƙi a bakinsa, ya lasa.
Ya ɗaga kai bai ko ji tsoro ba:
Kaka, je ka gaya wa Hajiya,
ana ci.